Kurakuran da aka fi yi idan ruwan tafkin ninkaya ya sauya launi

Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu kula da tafkin ninkaya shi ne, da zarar ruwa ya koma kore sai su ɗauka gansakuka ce, su yi ta antaya kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ba tare da gwaji ba, alhali koren iri biyu ne. Idan ruwan ya yi duhu har ba a hango ƙasan tafkin, bango kuma yana santsi idan an shafa shi, to lallai gansakuka ce, kuma ƙarancin kilorin ne ya ba ta dama. Amma idan kore ne garau, ana ganin tayil ɗin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, galibi tagulla ce ta narke a ciki, ko dai daga maganin gansakuka mai ɗauke da ita, ko daga bututun na'urar ɗumama ruwa da tsamin ruwan ya ci. A nan ƙara kilorin ba ya gyara komai, sai ma ya ƙara fito da launin.

Haka lamarin yake ga tafkin da aka cika da ruwan rijiya ko burtsatse. Ruwan yakan fito fes, amma da kilorin ya haɗu da ƙarfen da ke narke a cikinsa sai ya koma launin tsatsa, idan kuwa ma'adinin manganis ne sai ya yi shunayya ko baƙi-baƙi. Kafin a cika tafki, a ɗebi ruwan a farin bokiti, a zuba masa kilorin kaɗan, a jira. In ya sauya launi an san da ƙarfe a ciki, sai a fara da sinadarin da ke riƙe ƙarfe kada ya manne wa bango, a bar matatar ruwan ta yi aikinta.

Ko da an tabbatar gansakuka ce, akwai inda ake yin tuntuɓe, kuma a ganina nan ne aka fi asarar magani. Ƙarfin kilorin ya dogara da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa da ke hauhawa idan tsamin ya ragu, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, idan ya kai 8, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na kilorin yake aiki sosai, don haka a fara sauke pH kafin a ƙara magani. Sannan ƙwayoyin kilorin da ake jefawa su narke a hankali suna ɗauke da asid ɗin sayanurik, mai kare kilorin daga zafin rana. Tsakanin 30 da 50 cikin miliyan ya wadatar, amma da yake ba ya ƙarewa da kansa, sai ya yi ta taruwa har ya dushe kaifin kilorin, takardar gwaji tana nuna akwai magani, ruwa kuma yana ƙara tsanwa. Mafita a nan ita ce a zubar da wani kaso na ruwan a maye gurbinsa da sabo. Babban zubin kilorin don kashe gansakuka kuwa a yi shi bayan faɗuwar rana, a goge bango da buroshi, a bar injin yana juya ruwa dare da rana har ya washe.

Ruwan da ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara yawanci alama ce ta hauhawar pH, yawan kalshiyam, ko matatar da ta toshe tana buƙatar wanki.

Kuskure mafi haɗari shi ne gwamutsa magunguna cikin gaggawa. A gasar Olamfik ta 2016 a Rio de Janeiro, tafkin masu tsalle cikin ruwa ya koma kore a idon duniya, kuma masu shirya gasar sun danganta hakan da sinadarin haidurojin feroksaid da aka zuba, wanda ya kashe ƙarfin kilorin. Kilorin da asid kuwa kada a taɓa haɗa su a mazubi ɗaya, domin suna fitar da iska mai guba. Kowanne a zuba shi daban, injin yana aiki, a ba da tazara kafin na biyun.