Yadda Ake Tsara Tallafi ga Ɗalibi Mai Wuyar Sha'ani a Makaranta

Ana tsakiyar darasi ɗalibi ya yi jifa da littafi, ko ya tsokani na kusa da shi, ko ya kifa kai a benci ya ƙi motsi. An yi faɗa, an yi horo, washegari ya maimaita. Abin da ke sa shi maimaitawa shi ne halin yana biya masa wata buƙata, kuma daga gano buƙatar nan ake fara tsari.

Da farko a rubuta halin yadda ido ya gan shi. "Ba ya jin magana" hukunci ne, ba ya ƙirguwa. A rubuta: "yana ficewa daga aji idan an ba da aikin rubutu." Hali ɗaya za a ɗauka, wanda ya fi cutarwa.

Sai a sa masa ido kamar mako biyu. Duk sa'ad da abin ya faru, a rubuta lokaci da darasi, me ya gabata, me yaron ya yi, me ya biyo baya. Nan ne gundarin aikin, kuma nan malamai suka fi gajen haƙuri. Masana sun kasa dalilan gida huɗu: neman a kula shi, gudun wani aiki, son samun wani abu, ko daɗin da jiki ke ji a motsin kansa. Binciken masanin halayyar ɗan Adam Brian Iwata da abokan aikinsa na 1982 yana cikin tushen wannan hanya, kuma a 1997 Amurka ta shigar da ita cikin dokar ilimin yara masu naƙasa.

Ɗauki yaron da karatu ke ba wuya. Da ya ga layin karantawa a bayyane ya kusa zuwa kansa, sai ya tayar da hayaniya, malam ya ce fita waje. Malam yana ganin ya yi horo, yaro kuwa kakarsa ta yanke saƙa, ya tsira daga dariyar 'yan aji. Gobe me zai hana shi sakewa?

Kafin a yanke hukunci a zauna da iyaye, a kuma tambayi yaron shi kaɗai. A duba jinsa da ganinsa da barcinsa, a bincika ko wani na cin zalinsa.

Daga nan a rubuta tsarin a shafi ɗaya. A gyara abin da ke kunna halin: a gutsuttsura aikin, a ba shi shafin da zai karanta tun kwana ɗaya kafin darasin, a sauya masa wurin zama. A koya masa abin da zai maye gurbi, misali ɗaga kati don neman hutun minti 3. Dole sabuwar hanyar ta fi tsohuwar sauƙi da saurin biya, in ba haka ba zai watsar. Idan ya yi daidai a yaba nan take, a faɗi abin da ya yi. Idan yana duka ko jifa, a fayyace wa za a kira da inda za a kai sauran ɗalibai.

A kwanakin farko halin kan tsananta, domin yaron yana gwada ko tsohuwar dabara tana ci. Malami ɗaya ya sassauta, aikin ya koma baya, don haka duk mai shiga ajin ya riƙe kwafin tsarin. Bayan mako 4 zuwa 6 a kwatanta ƙirgen da na farko. In bai ragu ba, a koma kan dalilin da aka zata, wataƙila shi ne ba daidai ba.