Zaman Baƙunci da Bangaskiya: Shawara ga Mai Bi da Ya Sauka a Wata Ƙasa

Mai bi da ya sauka a baƙuwar ƙasa yakan tarar da tambayoyin da bai saba jin amsarsu a wa'azi ba. Ya karɓi aikin da ake biya hannu da hannu ba tare da haraji ba? Ya yi aiki ranar Lahadi? Nawa zai aika gida, alhali kuɗin haya bai cika ba? Littafi Mai Tsarki bai ambaci biza ko katin bashi ba, amma cike yake da labarin mutanen Allah da suka yi zaman baƙunci.

Bayan da Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Hananiya ya yi annabci a Urushalima cewa cikin shekara 2 za su komo. Annabi Irmiya kuwa ya rubuta musu, a sura ta 29 ta littafinsa, cewa zaman zai kai shekara 70, saboda haka su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin, su kuma yi masa addu'a. Wannan yana nufin ku koyi harshen ƙasar da dokokinta, ku san maƙwabtanku, ku kuma shiga ikilisiya tun da wuri, ko da sujadarsu ta yi muku sanyi.

Daniyel, ɗaya daga cikin waɗanda aka kai Babila, ya nuna inda ake sassautawa da inda ake tsayawa. Ya amsa sabon suna, Belteshazzar, ya yi shekara 3 yana koyon harshe da ilimin Kaldiyawa, ya kuma yi wa sarakuna aiki da aminci, amma ya ƙi ƙazantar da kansa da abincin sarki, kuma bai daina addu'a ba sa'ad da doka ta hana.

Gwaji mafi tsanani, a ganina, yana wajen takardu. Za ku gamu da masu ba ku shawara, wani lokaci har cikin 'yan'uwa masu bi, cewa ku yi aiki da takardar wani, ko ku ɗaura auren bogi, ko ku ƙirƙiro labarin tsanantawa domin neman mafaka. Sukan kafa hujja da Ayyukan Manzanni 5:29, cewa gara a bi Allah da a bi mutane, sun manta cewa manzanni sun faɗi haka ne domin an hana su wa'azi da sunan Yesu. Afisawa 4:25 ta ce a bar ƙarya, Romawa 13 kuma ta umarci biyan haraji, ga shi kuwa an rubuta ta a zamanin Nero na Roma, wanda ba sarki ne mai tsoron Allah ba. Ƙaryar tsanantawa tana da wata illa dabam, domin tana sa hukuma ta yi shakkar waɗanda aka tsananta wa da gaske. Shi kuma mai aiki da sunan wani ba shi da bakin kai ƙara ranar da aka cinye masa albashi. Wanda takardunsa suka rikice, ya nemi lauya mai rajista, ya faɗa masa gaskiya duka.

Batun Lahadi ya fi sauƙi. Yesu ya ce an yi Asabar, wato ranar hutu, domin mutum ne (Markus 2:27), don haka ma'aikaciyar jinya da aka sa ta aiki ranar ba ta yi zunubi ba, muddin ba ta yar da taruwa da masu bi ba, kamar yadda Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu. Ta nemi canjin jadawali, ko ta halarci zumunci a tsakiyar mako.

Aika kuɗi gida wajibi ne, gama 1 Timoti 5:8 ta tsananta wa wanda ya ƙi kula da danginsa. Sai dai manzo Bulus, wanda ya faɗi haka, shi ne kuma ya ce a 2 Korintiyawa 8:12-13 a bayar gwargwadon abin da ake da shi, ba domin wasu su huta ku kuwa ku sha wahala ba. Cin bashi mai ruwa don kada a ce kun gaza yakan mai da mutum bawan mai ba da rance (Karin Magana 22:7). Ku bayyana wa iyaye ainihin abin da ke saura bayan haya da haraji, ku yanka abin da za ku iya aikawa kowane wata, mai aure kuma ya yi shawara da matarsa kafin ya ɗauki alkawari.