Idan alƙalamin zane ya ƙi aiki bayan sabunta kwamfuta

Ran Laraba ina tsaka da zanen katin biki na wata Hajiya daga Unguwar Rimi, kwamfutata ta sabunta kanta cikin dare. Da safe alƙalami na tafiya, amma ko na danna da ƙarfi ko a hankali, layin kaurinsa ɗaya, kamar an ja da biro.

Kada ka ruga Tudun Wada wajen mai gyara, yawanci allon zanen da alƙalamin ke aiki a kai lafiyarsa ƙalau. Direba ce, wato manhajar da ke haɗa allon da kwamfuta. Zare igiyar allon, ka goge tsohuwar direbar gaba ɗaya. In ka taɓa saka ta wani kamfanin, misali ta Huion alhali yanzu Wacom kake riƙe da shi, ita ma cire ta, don ba sa zaman lafiya tare. Kashe kwamfuta ka kunna, sannan ka sauko da sabuwa daga shafin kamfanin.

Har yanzu shiru? Duba Windows Ink, wato hanyar da Windows ke karɓar saƙon alƙalami. Manhajar zane ta Krita na ba ka zaɓi tsakaninsa da ɗaya hanyar, WinTab. Sauya, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Nan tawa ta warke.

Masu Mac kuwa, tun zubin macOS Catalina na 2019 sai ka ba direbar izini a Accessibility da Input Monitoring cikin saitin kwamfutar.

In duk ya ƙi, Windows kan ba da kwana 10 ka koma tsohon zubi bayan babban sabuntawa. Ni yanzu duk makon da nake da aikin biki, dakatar da sabuntawa nake yi.