Yadda ake auna doro da rula mai lanƙwasuwa, da gwada ko awon abin dogaro ne

Tun 1974 masu bincike Milne da Lauder suka auna lanƙwasar ƙashin baya da rular Flexicurve, wato rula mai lanƙwasuwa da ke riƙe siffar abin da aka danna ta a kai, kuma har yau tana da amfani a sashen gashin ƙashi (physiotherapy), ga arha, ga shi babu hasken eksire. Amma sai an gwada ta kafin a yarda da lambar da ta bayar.

A sa majiyyaci ya cire takalmi ya tsaya yadda ya saba. Kada a ce masa "miƙe", domin nan take zai gyara tsayuwa awon ya lalace. A laluba gaɓar wuya ta 7, wato C7, wadda ta fi tsini idan ya sunkuyar da kai, sannan a bi haƙarƙarin ƙarshe har a sami T12, gaɓar ƙashin baya da haƙarƙarin ƙarshen yake manne da ita. A ɗiga alama a duka biyun. Kuskure ya fi yawa a nan, musamman a jikin mai ƙiba.

A danna rular ta kwanta a bayan sosai, a ɗauke ta da hannu biyu a ɗora kan takarda, a zana gefen da ya taɓa fata. A ja miƙaƙƙen layi daga C7 zuwa T12, a auna zurfin lanƙwasar inda ta fi nisa da layin. A raba zurfi da tsawo, a ninka da 100. Tsawo santimita 30 da zurfi 3.6 zai ba da 12. Hannu ya goce da milimita 3 kacal, lambar ta koma 13, wadda da yawa ke ɗauka a matsayin doro. Shi ya sa ake awo sau 3, ana miƙe rular kowane karo.

Don gwada daidaito, a goge alamomin a sake awo, sannan abokin aiki ya yi nasa ba tare da ya ga sakamakon farko ba. A lissafa ICC, ma'aunin lissafi da ke nuna yadda awon da aka maimaita ya dace da juna: daga 0.75 zuwa sama ya yi kyau, ya haura 0.90 madalla.

Sai dai rula tana iya maimaita lamba ɗaya alhali kuskure take maimaitawa. Sahihancinta sai an kwatanta da kusurwar Cobb, wato kusurwar lanƙwasar ƙashin baya da ake aunawa a hoton eksire na gefe da aka ɗauka a tsaye. A yi amfani da hotunan da majiyyata suka riga suka yi, kada a tura kowa eksire don wannan kawai. Ita kanta Cobb ɗin takan saɓa da kusan digiri 5 tsakanin masu aunawa.