Ƙafa da hannu su tafi tare a wasan bolin

'Yan uwa masu wasan bolin (wasan gangara ƙwallo mai nauyi don kayar da sandunan da aka jera), jifan da ke karkacewa yawanci daga ƙafa matsalar take. In bahago ne kai ka juya abin da zan faɗa. Taku 4 ya isa: ka fara da ƙafar dama, kana takawa kana miƙa ƙwallon gaba. Sai ka bar nauyinsa ya kai shi baya da kansa, kada ka fizge shi. Takun ƙarshe da hagu, a silale, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙwallon na isowa daidai idon sawu ka sake shi.

Ni gaggawar taku na biyu ta daɗe tana ɓata min jifa, sai da na riƙa ƙirgawa a zuci.