Shawara ga mai niyyar zuwa Rabenna a Italiya

Jama'a, wanda ya isa Bolonya kada ya ƙyale Rabenna. Jirgin ƙasa na kai ka cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, kuma daga tasha ƙafa ta isa. Gine-gine 8 na farkon Kiristanci a garin sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 1996.

Ka sayi tikitin haɗaka, mai shigar da kai wurare da dama, ta intanet tun kafin ka taso. Ginin da ake kira Kabarin Galla Placidia, 'yar wani sarkin Rumawa, sai da lokacin da aka ware maka, kuma minti 5 ake ba kowa a ciki. Nan mutane suke asara: ɗakin da duhu, tagoginsa na siririn dutse ne, sai su ƙare lokacin suna fama da waya. Ka tsaya ido ya saba, sannan ka ɗaga kai ka ga rufin shuɗi cike da taurarin zinare, dukkansu da ƙananan gutsattsarin gilashi aka jera su. Majami'ar San Vitale, wadda aka keɓe a 547, tana haraba guda da kabarin, a nan hoton Sarkin Rumawa Justiniyan yake.

Majami'ar Sant'Apollinare in Classe kuwa tana wajen gari, kimanin kilomita 5, tikitinta daban. Bas lamba 4 ke zuwa.

A rufe kafaɗa da gwiwa, don wuraren ibada ne. Sannan 'yan'uwa Musulmi ku kula: gurasarsu piadina galibi da kitsen alade ake kwaɓa ta, ku nemi ta man zaitun.