Yadda Za Ka Ceto Fayilolinka Idan Had Disk Ya Lalace

Mutane da yawa sun dame ni a inbos da tambayar yadda za a ceto fayiloli in had disk (ma'ajiyar fayilolin kwamfuta) ya lalace, to ga matakan nan:

1. Kashe kwamfutar nan take, kar ka yi ta kunnawa kana kashewa.
2. Amma kafin ka kashe, saurara da kyau. In kana jin ƙas-ƙas a cikin had disk ɗin, tsaya nan, kai wa ƙwararre, wannan ba aikin gida ba ne.
3. Kwance had disk ɗin daga kwamfutar.
4. Sa shi a kesin USB, wato akwatin da ake sa had disk a jona shi ta USB. Babban had disk na destof (kwamfutar tebur) sai da adafta mai wuta 12V.
5. Jona a laftof mai cikakken caji, saboda in NEPA ta ɗauke ana tsakiyar aiki an koma baya.
6. Gargaɗi: in Windows ta ce a yi fomat, wato a goge disk ɗin, danna Cancel, wallahi a nan mutane ke asarar komai.
7. In ya buɗe, fara kwashe abu mafi muhimmanci, takardu da hotuna tukuna.
8. In bai buɗe ba, sauke PhotoRec, manhajar ceto fayiloli, a kan laftof ɗin, kyauta ne.
9. Bar shi ya yi sikanin, wato ya bincike had disk ɗin, zai iya cin awanni.
10. Ajiye abin da ya fito a wani disk daban, ba kan mai matsalar ba.

Don Allah kar ka buɗe cikin had disk ɗin ko ka sa shi a firiza.